Otomatik ko manuwal? Zare ga 'yan Gaya da Ajingi masu shirin sayen motar farko

1/ Jiya a majalisarmu a nan Gaya musu ya kaure, har aka kira isha'i ba a rabu ba. Wani ƙanenmu ya yi shekara uku yana tara kuɗi, zai sayi motarsa ta farko, ya ce a ba shi shawara: otomatik ko manuwal? Kowa da fatawarsa. Na ce bari in zauna in rubuta tawa a tsanake. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga matsayata tun daga farko, don kar wani ya ce na yi kwana-kwana. Motar neman abinci, wadda za ta ɗau fasinja da buhu ta shiga ƙauye da damina: sayi manuwal. Motar gida, wadda za a kai yara makaranta a ɗauki mara lafiya cikin dare: sayi otomatik mai lafiya. Kuma ko wacce ka saya, ka koyi tuƙa manuwal.

3/ Na san akwai waɗanda tuni suka fara buga mini amsa. Ku dakata tukuna. Yawancin musun da ake yi a nan dandalin, 'yan birni ne ke yin sa da lissafin birni. Wanda ke zaune a Nasarawa GRA da wanda ke zaune a Toranke ba matsalarsu ɗaya ba, don haka bai kamata a ba su amsa ɗaya ba.

4/ Mu fara da abin da ke cikin motar, a taƙaice. Injin yana juyawa, taya na buƙatar ƙarfi mai yawa a tashin farko, sannan gudu daga baya. Aikin giya shi ne daidaita wannan. A manuwal kai ne kake taka kuloci ka raba injin da giyabos, ka canja giya da hannunka, ka saki.

5/ A otomatik irin wadda ta fi yawa a wurinmu babu fedar kuloci. Akwai wani kasko cike da mai tsakanin injin da giyabos, shi ke isar da ƙarfin. A ciki kuma akwai ƙananan faya-fayai da matsin mai ke haɗawa da rabawa, kwamfutar mota na ba da umarni. Ku riƙe wannan: a otomatik, MAN GIYA shi ne ran komai.

6/ Kuma ba sabon abu ba ne. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940. Wato fasahar ta girmi kakannin da yawa daga cikinmu. Masu cewa “wannan abin zamani ne, bai daɗe ba” su sake lissafi. Mu ne dai ta zo wa a makare.

7/ Dalilin da ya sa iyayenmu suka saba da manuwal a bayyane yake. Fijo ce ta raine su. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar Alhaji. Daga baya Golf da Sharon 'yan Turai suka cika tashoshinmu. Kusan duka da kuloci suke.

8/ To a nan ne kanikawanmu suka koyi aiki. Bakaniken da ya yi shekara 20 yana kwance giyabos ɗin Golf zai iya yi ido rufe. Wannan shi ne dalilina na farko, kuma mafi nauyi, na cewa mai haya ya sayi manuwal. Kafin ka tambayi wace mota ce ta fi, tambayi wa zai gyara maka ita ranar da ta tsaya.

9/ Manuwal in ta fara ciwo, tana faɗa maka. Kuloci ya yi sama, ka taka totur injin ya yi ƙara mota ba ta ja, ka ji ƙauri. Ka san faifan kuloci ya cinye. Ka lallaɓa ka kai ta gareji a Gaya ko Wudil, a aika Ƙofar Ruwa a kawo kaya, yau ko gobe ka koma kan hanya.

10/ Otomatik in ta fara ciwo, sai an sa mata kwamfuta an karanta. Wani lokacin ƙaramar matsala ce, waya ko sensa. Amma wanda bai san aikin ba zai ce maka “giya ta tafi, sai an sauke an sa wata”. Kai kuma ba ka da yadda za ka gane gaskiya. Masu wannan aikin na sosai sun fi yawa a Kano, wasu a Dutse.

11/ Lissafa da kanka. Motarka ta tsaya a Gafasa ko Kunkurawa. Daga nan zuwa Gaya, daga Gaya zuwa Wudil, a haye gada, a bi ta Mariri a shiga birni. Kuɗin janwe kaɗai ya isa ya ɓata maka sati. Mai haya kuwa duk ranar da mota ta kwana a gareji, ranar ba cefane.

12/ Kuma don Allah ku daina jan otomatik da igiya tafiya mai nisa. Famfon da ke zagaya man giya injin ne ke juya shi. In injin a kashe yake, tayoyi na juya kayan ciki ba mai. Ka taso da matsalar fulogi, ka isa gareji da mataccen giyabos. A ɗora ta a kan janwe, ko a ɗaga tayoyin da ke ja.

13/ Dalili na biyu: turi. Kowa a nan ya taɓa tura mota. Batir ya mutu ko kik ya ƙi, a kira yara huɗu, a sa giya ta biyu, a tura, a saki kuloci, ta tashi. Otomatik ba ta san wannan zancen ba. Ko duk 'yan unguwa za su fito, ba za ta tashi da turi ba.

14/ A birni wannan ba komai ba ne, mai batir na nan kowace kwana. Amma ka yi tunanin ƙarfe 10 na dare a hanyar gona bayan Kademi, waya ba caji, ba motar da ke wucewa. A nan ne za ka san darajar kuloci. Mai otomatik a yankinmu, wayar jona batir ta zama dole a but ɗinka kamar safaya taya.

15/ Dalili na uku: lodi. Mu faɗi gaskiya, ba ma loda mota yadda kamfani ya rubuta. Ranar Juma'a ku tsaya bakin kasuwar Wudil ku ga Golf: mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhun gero da akuya. Ba na goyon bayan haka, haɗari ne. Amma shi ne abin da ke faruwa.

16/ Nauyi da zafi su ne manyan maƙiyan giyar otomatik. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Ƙara lodi, ƙara yashi, ƙara tafiya a hankali a hanyar burji. Man giya ya yi zafi ya ƙone, faya-fayan ciki su fara zamewa. Manuwal ma tana wahala, amma abin da za ta ci faifan kuloci ne, mai sauƙin canji.

17/ Maganar yashi da taɓo kuma, a nan zan ɓata wa 'yan manuwal rai kaɗan. Ba gaskiya ba ne cewa otomatik ba ta shiga yashi. Tana shiga, wani lokacin ma ta fi santsin tashi. Akwai L da 2 a jikin giyar, an sa su ne don irin wannan wurin. Da yawa sun shekara da mota ba su taɓa taɓa su ba.

18/ Abin da ke fitar da mota daga yashi: tsayinta daga ƙasa, lafiyar taya, da hankalin direba. Inda otomatik ke cutuwa shi ne in ta kafe, direba ya dinga wurga ta D, R, D, R yana taka totur har ƙasa. Minti kaɗan na wannan ya isa ya dafa man giya. In ta kafe, sauka, a haƙa, a sa itace, a tura.

19/ To man fetur fa? Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Yanzu kowa ya zama malamin lissafi. Don haka tambayar wacce ta fi shan mai tambaya ce ta gaske.

20/ Amsar ta danganta da shekarun motar. Tsofaffin otomatik masu giya 4, irin Corolla 2003 zuwa 2008, sukan ɗan fi 'yan uwansu manuwal masu giya 5 shan mai. Sababbi masu giya 6 ko 8 sun kamo manuwal, wasu ma sun wuce ta. Matsalar ita ce aljihun yawancinmu a kan tsofaffin yake tsayawa.

21/ Amma wallahi bambancin bai kai wanda ƙafarka ke jawowa ba. Taya ba iska, fulogi ya mutu, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ga taka totur kamar ana bin ka bashi. Mai manuwal da ke jan giya ta uku daga Gaya har Wudil ya fi mai otomatik mai natsuwa ƙona mai.

22/ Sai al'adar nan ta sakin mota a firi a gangara wai don a rage shan mai. A motocin da ke da injekta, in ka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, kwamfuta kan yanke man da kanta. In ka sa firi, injin na ci gaba da sha don kar ya mutu, kuma ka rasa riƙon da injin ke yi wa mota. Ka yi asara biyu.

23/ Zuwa nan za ku ce to ai manuwal ta ci wasa. A'a. Ga abin da ya sa na raba amsata biyu, kuma shi ne ainihin dalilin rubuta zaren nan. Abu ne da ya faru a gidanmu, ba labarin wani ba.

24/ Baffana yana da Fijo 406 manuwal, yana ji da ita kamar 'yarsa. Kullum maganarsa: “Otomatik ai motar ragwaye ce.” Wata rana wajen ƙarfe biyu na dare jininsa ya hau, ya faɗi a tsakar gida. Mota na nan a ƙofar gida, tanki da mai, makulli a rataye.

25/ A gidan akwai 'yarsa da ta koyi tuƙi lokacin tana karatu a Kano, amma da otomatik ta koya. Ta shiga, ta tayar, ta saki kuloci, mota ta yi tsalle ta mutu. Sau uku. Tana kuka, Inna na salati. Ƙarshe sai da aka bi gida-gida ana buga ƙofa kafin a samu maƙwabcin da ya iya.

26/ Allah ya sa da sauran kwana, an kai shi asibiti, ya tashi. Amma kusan awa guda aka ɓata, mota na tsaye lafiyarta ƙalau. Da ya warware, da kansa ya kira ni ya ce: “Ɗana, nemo mini mai sayen Fijon nan. Motar da ni kaɗai na iya tuƙawa, ranar da na kwanta ba ta da amfani.”

27/ Wannan maganar ta zauna mini. Muna auna mota da ranar da direba ke da lafiya. Ba ma auna ta da ranar da direban ne a kwance a kujerar baya. A garuruwanmu, inda ba kiran motar asibiti ake ta zo cikin minti goma ba, motar gida ita ce motar asibitin. Yawan waɗanda suka iya tuƙa ta a gidan abin lissafi ne.

28/ Otomatik mutum mai natsuwa zai iya motsa ta cikin kwana biyu uku: birki, D, totur. Ba ta mutuwa a tsakiyar titi, ba ta komawa baya a hawa. Mai koyo ya sa hankalinsa a kan hanya, da babura, da shanun da ke tsallakawa, maimakon a kan ƙafarsa ta hagu. Ga uwar gida, ga dattijo mai ciwon gwiwa, wannan rahama ce.

29/ Kar a fahimce ni a karkace. Ban ce a miƙa wa yaro ɗan shekara 14 makulli don motar ba ta da kuloci ba. Sauƙin motsa mota daban, iya tuƙi daban. Lasisi sai shekara 18, kuma hukumar FRSC na neman shaidar makarantar koyon tuƙi. A koya wa mutanen gida, amma a koya musu bisa ƙa'ida.

30/ Sai zancen da na fi tsana: “otomatik motar mata ce.” Malam, ayarin gwamnoni da sarakuna da kake gani, manyan jif ɗin nan, kusan duka otomatik ne. A Amurka, cikin sababbin motoci 100 da ake sayarwa, manuwal ba ta kai uku ba. Namijin da mazantakarsa ta rataya a kan fedar kuloci, a taya shi da addu'a. 😂

31/ Kuma akwai mata a Gaya da ke tuƙa manuwal fiye da wasu masu wannan cika bakin. Abin koyo ne, ba gado ba. Illar wannan magana ita ce tana sa saurayi ya sayi abin da bai dace da rayuwarsa ba don kar abokai su yi masa dariya. Abokan nan kuwa ba su za su biya kuɗin gyara ba.

32/ Wani rukunin da otomatik ta dace da su: masu zirga-zirgar Kano kullum. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke shiga birni ta Mariri da Hotoro, ya kutsa Kantin Kwari ko Singa. Awa guda a cunkoso kana taka kuloci kana saki, ga 'yan adaidaita ta ko'ina. Kafin ka dawo gida ƙafar hagu ta zama ba taka ba.

33/ A irin wannan tuƙin ma faifan kuloci saurin cinyewa yake, musamman ga masu ɗora ƙafa a kansa ko riƙe mota da rabin kuloci. Don haka arhar gyaran manuwal tana raguwa in kullum a gosulo kake. Malamin jami'ar Wudil da ke kwana a birni, ban ga dalilin da zai wahalar da kansa ba.

34/ Yanzu gaskiya mai ɗaci ga 'yan otomatik. Yawancin giyabos ɗin da suka mutu a hannunmu, mu muka kashe su. Wani abokina ya sayar da riɗin da ya noma da shanu biyu ya sayi Honda. Wata shida tana tafiya kamar ruwa. Ya kai ta juyen baƙin mai, wani yaron gareji ya ce bari a ƙara mata man giya.

35/ Aka ɗauko wani jan mai a galan mara suna aka zuba. Bayan sati uku ta fara fizga, daga nan ta daina shiga giya ta uku. Giyabos ɗin da aka sa masa na gwanjo bai yi wata huɗu ba shi ma ya bi sahu. Motar na nan an jingine ta a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Noman shekara guda ya tafi.

36/ Man giya ba ɗaya ba ne don duk ja ne. Toyota na da T-IV na tsofaffi, da WS na waɗanda suka biyo baya. Honda na da nata, Z1 da DW-1. Giyar CVT, irin ta Nissan da yawa da Corolla daga 2014, nata man daban ne gaba ɗaya. Duba jikin geji ko littafin motar. In babu, a bincika da lambar motar kafin a zuba komai.

37/ Kuma a kula da lagireto. A motoci da yawa man giya ta cikinsa yake bi ya huce. In ya fashe ta ciki, ruwa ya haɗu da mai, za ka ga man ya koma kamar madara mai ruwan hoda. In ka ga haka kar ka ƙara ko taku ɗaya. Haka motar da ke yawan zafi, giyarta ma tana dahuwa tare da injin.

38/ In za ka sayi otomatik ta hannu, kar ka yarda a kawo maka ita da zafinta. Je ka same ta da safe a sanyaye. Taka birki, sa D, sa R. Ta shiga nan take ba jinkiri, ba bugu. Zaro geji in tana da shi: man ya zama ja ko ruwan ƙasa mai haske. In baƙi ne yana ƙauri, yi sallama ka tafi.

39/ Sannan ka hau titi da ita sosai, ba zagayen layi ba. Daga Gaya ka miƙa hanyar Wudil ko ta Dutse, ta yi zafi, ka ji ta shiga duk giyoyinta. Wasu matsalolin ba sa fitowa sai bayan minti 20. A sa mata kwamfuta a gabanka. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan, ya riga ya ba ka amsa.

40/ Manuwal ma a gwada ta. Ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali: mota mai lafiya mutuwa za ta yi. In injin ya ci gaba da juyawa, kuloci ya cinye. Saurari ƙara lokacin shiga ta biyu da ribas. A kan hanya ka ga ko giya na fita da kanta. Tsohuwar motar haya da aka yi wa fenti tana da yawa a kasuwa.

41/ Wannan ya kawo ni ga abin da 'yan manuwal ba sa son ji: kasuwarta na rufewa. Golf 3 da muke ji da ita an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990. Toyota da Honda da ke shigowa daga Amurka da Kanada kusan duka otomatik ne. Turai da ke aiko mana da manuwal, ita ma tana komawa otomatik.

42/ Mercedes ta daina sa manuwal a sababbin motocinta. Motocin lantarki kuwa yawancinsu ba su da canjin giya sam. Abin da Turai da Amurka suka saya yau shi ne zai iso Kwatano da Legas nan da shekara 10 ko 15. Wato yaron da ke firamare a Ajingi yanzu, motar da zai tarar a kasuwa otomatik ce, ko ya so ko ya ƙi.

43/ To ga tambayar da ta fi “wacce ta fi” muhimmanci a wurina: wa zai gyara su a nan? Gaya, Ajingi, Albasu, ƙananan hukumomi uku, kullum otomatik na ƙaruwa a gidaje, amma da giya ta yi tari sai a nufi Kano. Kuɗin janwe, kuɗin aiki, kuɗin kaya, duk can suke tafiya.

44/ Matasa masu neman abin yi, ga sana'a a ƙofar gida. Ka je Kano ka zauna wurin ƙwararren mai gyaran giyar otomatik shekara biyu ko uku. Ka koyi wayarin, ka koyi karanta kwamfutar mota. Ka dawo ka buɗe rumfa a Gaya. Mai ɗan turancin karanta littafin mota da haƙurin koyo ba zai rasa abinci a wannan aikin ba.

45/ Mu da tarihi ya ce maƙeran da suka fara zama a Dala daga Gaya suka tashi, har ake ce musu Abagayawa, bai kamata a ce aikin ƙarfe ya gagare mu ba. Masu rabon tallafin sana'a a yankin nan, a rage rabon baro da keken ɗinki kaɗan, a tura yara goma su koyo wannan. Shekara biyar za a ga bambanci.

46/ Me ya sa duk da haka na ce kowa ya koyi manuwal? Saboda abincin yankinmu har yanzu a kan kuloci yake. Motar haya, Hayis, Kanta mai ɗaukar buhu, tifa, tarakta, adaidaita sahu, har babur ɗin da kake hawa. In ka je neman aikin direba ka ce otomatik kaɗai ka iya, ka rufe wa kanka ƙofofi da yawa.

47/ A Ingila in ka ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinka na otomatik ne kaɗai, doka ba ta yarda ka hau manuwal ba. In ka ci da manuwal, duka biyun naka ne. Hikimar a fili take: wanda ya iya manuwal zai hau otomatik cikin minti biyar. Wanda ya fara da otomatik, 'yar Baffana ta gaya muku sauran.

48/ Ita ma yanzu ta koya. Da Baffa ya sayar da Fijon ya sayi Corolla otomatik, ta ce ba ta yarda ba, sai da ta sa yayanta ya koya mata manuwal a filin makaranta da motar maƙwabcin nan. Ta ce daren nan ba zai sake maimaituwa a kanta ba, ko a gidan wa ya faru.

49/ Kafin ka biya kuɗi, amsa waɗannan da gaskiya:
• Motar za ta nemo kuɗi ne ko za ta ci kuɗi?
• Kwalta za ta fi bi ko burji?
• Wane bakanike ne mafi kusa da ya san irinta?
• In ka kwanta yau, mutum nawa a gidanku za su iya fita da ita?
• Bayan ka saya, nawa ya rage maka na gyara?

50/ Ta ƙarshen nan ita ce ke kayar da matasa. Kar ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin saye. Mota ta hannu, manuwal ko otomatik, sai ta nemi wani abu a watannin farko: taya, batir, juyen mai, takardu. Gara ka sayi ƙaramar mota ka bar canji a aljihu, da ka sayi babba ka jingine ta a ƙofar gida.

51/ Shi ƙanen namu, da muka bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce niyyarsa ya dinga lodin Gaya zuwa Wudil, ranar kasuwa ya shiga ƙauyukan Ajingi. Na ce to kai manuwal ce taka, ka tafi da bakanike ranar saye, kuma ka koya wa ƙanenka da matarka. Ya ce matarsa? Na ce ƙwarai, ita ma.

52/ Direbobin tashar Gaya, kanikawan Wudil, da masu otomatik da suka shekara biyar ba su sauke giya ba, ku zo ku faɗi naku, ku kuka fi ni sanin hanya. Inda na yi kuskure a gyara mini. Wanda ya san ƙwararren mai giyar otomatik a kusa da mu kuma ya taimaka wa jama'a. Allah ya tsare mu a hanya, ya ba mara ita tasa mai albarka. 🤲